Daɓen da Ya Daina Magana

Sati uku aka yi ana aikin daɓen, Baba yana gidan Yaya a hawa na uku yana ƙirga kwanaki. Ranar da aka mayar da shi gidansa, Auta ce ta riƙo hannunsa har tsakiyar falo, ta sake shi, ta ja baya tana jiran yabo.

Ita ta tsara aikin, ita ta zaɓi tayil ɗin. Zanen gine-gine ne sana'arta, kuma ta daɗe tana jin kunyar daɓen gidan da ta tashi a ciki. Shekara talatin ana yi masa faci. Ja a falo, fari a kicin, wani wurin siminti tsirara inda aka taɓa tono bututun ruwa, wani wurin tayil ya tsage an bar shi haka. Ga mai gidan ba ya gani. Gyaran agogo Baba yake yi kafin idonsa ya tafi, shekara bakwai ke nan, kuma tun rasuwar Mama shi kaɗai yake zaune, sai mai aiki da ke zuwa da safe ta tafi da rana. Duk lokacin da Auta ta kalli tsagar nan sai ta hango ranar da za ta kayar da shi.

Don haka ta sa aka fasa komai. Aka shimfiɗa tayil na tangaran mai launin toka, santimita sittin kowane gefe, bakinsa a yanke tsaf, layin da ke tsakani bai fi kaurin tsinken ashana ba. Ta sa aka cire dokin ƙofa a ko'ina don kada ya yi tuntuɓe. Daga ƙofar shiga har banɗaki ya zama shimfiɗa ɗaya.

Baba ya ɗaga ƙafa, ya ajiye. Ba ya sa takalmi a cikin gida, ba ya riƙe sanda.

"Da sanyi," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Ya nufi kicin, ya yi karo da kabad.

Cikin kwana goma ya fasa goshi a bakin ƙofa, ya zuba wa hannunsa ruwan zafi. Wata safiya mai aiki ta shigo ta same shi tsaye a tsakiyar falo, hannuwa a miƙe, bai san tun yaushe yake wurin ba. Daga ranar ya daina fitowa daga ɗakinsa. Mutumin da yake dafa shayinsa da kansa ya kai baranda ba tare da ya taɓa bango ba, yanzu sai an kai masa ruwan sha bakin gado.

Ranar Lahadi Yaya ya kira ta a waya.

"Asabar zan zo da mota. Ki sa a haɗa masa kayansa."

"Yaya, ka san ba ya son gidan bene. Ya ce kamar an ɗora shi a kan kabad an manta."

"Gara kabad da gadon asibiti. Ke kika shimfiɗa masa madubi a ƙasa, Injiniya. Ni kuma ba zan jira ya karya ƙugu ba."

In Yaya ya kira ta Injiniya, ba yabo ba ne. Kuma ta san ba mugunta ke sa shi ba, shi ya kai Baba aka ɗinke goshin. Ta ajiye wayar tana tunanin kalmar madubi. Ba mai sheƙi ta zaɓa ba. Ta duba takardar kamfanin sau biyu kafin ta saya, mai kama ƙafa ne.

Litinin ta bar ofis ta tafi gidan. Ta zuba ruwa kofi ɗaya a falo, ta taka da takalminta, ta murza dunduniya. Bai zame ba. Ta fito da hotunan da ta ɗauka kafin aiki, ta auna kujeru da tebur da kabad da tef. Kowanne yana inda yake tun tana makaranta. Ta shiga ɗakin Baba. Yana zaune a bakin gado da wani tsohon agogon tebur a cinyarsa, ya buɗe bayansa yana lalube.

"Baba, zamewa kake yi?"

"Ban zame ko sau ɗaya ba."

"Jiri fa?"

"Sai wanda kike sa ni da tambaya."

"To mene ne?"

Ya ɗora yatsansa a kan wani ɗan ƙaramin haƙorin ƙarfe.

"Da na sani da na gyara. In na tashi zan je kicin, sai in yi taki uku in rasa inda kicin ɗin yake. Kin san agogon da aka goge wa lambobi? Yana tafiya lafiya lau. Amma ƙarfe nawa?"

Babu ƙorafi a muryarsa. Haka yake magana a shago a da, in an kawo masa agogon da ya ƙi faɗin ciwonsa.

Ranar Talata Auta ta kira mai sa tayil ɗin. Guduma ake ce masa saboda gudumar robar da ba ta barin aljihun bayansa. Ya zo a shirye da faɗa, don ya ji an ce aikinsa ya raunata tsoho.

"Injiniya, in kin sami guda ɗaya da ke kuka a gidan nan, in cinye gudumar nan da ƙotarta."

Ya durƙusa ya fara bin tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Tik, tik, tik. Amo ɗaya daga bango zuwa bango. Ya ɗora ma'aunin ruwa mai kumfa a wuri biyar, kumfar ta tsaya a tsakiya kowane karo. Ƙarar ce ta fito da Baba, yana bin bango da hannu. Auta ta zaunar da shi a kujera.

"Me kake nema, Guduma?"

"Rami, Baba. In an bar iska a ƙarƙashin tayil, yana kuka kamar ganga. Naka babu."

"Babu kam," in ji Baba. "Ba ni gutsurensa in ji."

Guduma ya ɗauko wani yanki daga kwalin da ya rage. Baba ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya bi bakinsa da farce, ya ɗalle shi kusa da kunne. Ya yi ƙara siririya kamar faranti.

"Sa harshe a bayansa, Baba," in ji Guduma.

"Yau kuma tayil za a ciyar da ni?"

Amma ya sa.

"Ban ji komai ba."

"Yauwa. Ba ya sha. Na da sai mun jiƙa shi a duro tukuna, ka ji yana tsuwwa yana fitar da kumfa. Wannan ko kwana ya yi a ruwa ba ruwansa. An danne ƙasarsa da inji, an gasa shi da wutar da ta fi ta wancan nesa ba kusa ba, har ƙofofin jikinsa suka toshe. Siminti ma ba ya kama shi. Sai gam, a shafa a ƙasa, a shafa a bayansa. Manja, tawada, duk abin da ya zube a kai, tsumma ɗaya ne. Jikokinka za su gaji da shi bai gaji ba."

"To na da fa, in an sa masa harshe?"

"Kama harshen zai yi."

"Ban yarda ba sai na gwada. Akwai ragowarsa a sito, tun na kicin. Auta, kai ni."

Sito yana bayan gida, a ƙarshen wata 'yar baranda mai rufi. Aikin bai kai can ba, a ƙofar baya ya tsaya. Auta ta ja shi a hankali, yana jan ƙafa kamar mai tafiya a cikin kogi. Ta buɗe ƙofar. Ƙafarsa ta sauka a kan tsohon jan tayil.

Ya zare hannunsa daga nata.

Taki uku ya yi da sauri, ya kauce wa bokitin wanki da ke wurinsa tun fil azal, ya juya hagu daidai inda barandar ta karya, ya miƙa hannu sau ɗaya, hannun ya faɗa a kan sakatar sito. Ya shiga, ya yi ta ƙwaramniya, ya fito da farin tayil mai ƙura. Ya dawo kamar mai ido. A bakin ƙofar baya ya tsaya cak, babban yatsansa yana shafa sabon daɓen, bai taka ba.

"Ya kama harshen kuwa," ya ce. "Guduma bai yi ƙarya ba."

Auta ta kalli ƙafarsa. Ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta. Sau nawa ta auna gidan nan, da tef, da hoto, da na'ura, ba ta taɓa auna shi da tafin ƙafa ba. Ta taka barandar. Tayil na farko ya ɗan lotsa. Na uku yana da tsaga. Kusa da famfo akwai mai sanyi da danshi, shi ne ya sha ruwan wanki ya riƙe. A kwanar ta buga dunduniya, ya amsa da ƙarar ganga.

"Baba, yaya aka yi ka san wurin juyawa?"

"Ai nan ne wurin juyawa."

"Me ya gaya maka?"

Ya koma kwanar, ya taka, ya ɗaga, ya sake takawa. Fuskarsa ta canza irin canzawar da take yi in ya gano haƙorin da ya ci a cikin agogo.

"Wannan ɗan iskan ne," ya ce. "Shi ke kira na."

Suka koma falo. Auta ta ɗauko takarda da fensir, ta zana gidan da layi shida, ta ce ya faɗa mata tsohon daɓen tun daga gadonsa. Da farko ya ce bai sani ba. Sai ya rufe idon da ba ya gani, yatsun ƙafarsa suna motsi, ya fara.

Dokin ƙofar ɗaki. Taki huɗu, mai kuka, a nan ake juyawa dama in kicin za a je. In banɗaki ne, akwai tsaga, sai ka ɗora babban yatsa a kanta ta kai ka har ƙofa. Facin siminti, mai kaushi, ba shi da sanyi kamar sauran, shi ke cewa tebur na gabanka da taki ɗaya. Inda ja ya haɗu da fari akwai ɗan tudu, saboda farin da Mama ta nace sai an sa ya fi jan kauri, an shiga kicin ke nan. Mai danshi a gaban wurin wanke-wanke, daga shi murhu yana hannun hagu. Sai mai lotsawa kafin ƙofar baranda.

"Bakwai," in ji Auta.

"Ni ma sai yanzu nake ji daga bakina."

Duk bakwai ɗin suna cikin jerin laifuffukan da ta rubuta wa Guduma a ranar farko, ta ja layi a ƙarƙashinsu ta ce a kashe.

Baba ya juya wajen da ya ji numfashin Guduma.

"To, ka mayar mini da mai kukan nan. Ka ɗaga guda ɗaya, ka bar masa rami."

Guduma ya miƙe tsaye.

"Baba, ka nemi wani abu. Shekara ashirin ina kashe kukan nan, yau a ce in sa shi da hannuna? In wani ya zo ya ƙwanƙwasa ya tambayi aikin wa?"

"Sai in ce na makaho ne."

"Ba wasa nake ba. Mai rami, ranar da tukunya ta faɗo a kai zai fashe. Tangaran kuwa in ya fashe bakinsa reza ne, kai kuma ƙafa tsirara kake yawo. Tsaga ma ba zan yi maka ba."

Auta ta bar su suna ja. Tunaninta yana kan wani kwali a ƙarƙashin teburinta na ofis. Kamfanin da ya yi tayil ɗin nan yana yin sa da fuska iri-iri, launi ɗaya, girma ɗaya, kauri ɗaya. Akwai mai sheƙi na manyan zauruka, akwai wanda ta sa, akwai mai kaushi na tsakar gida da gefen wurin ninkaya, akwai mai layi-layi na matakalar bene. Ta sha nuna wa masu gini su, tana cewa ido ba zai raba na ciki da na waje ba. Ba ta taɓa tambayar ko ƙafa za ta raba ba.

Ranar Laraba ta zo da guda biyar, ta jera su a gaban kujerar Baba. Ya bi su da tafin ƙafa kamar mai zaɓen yadi.

"Wannan da wannan ɗaya ne."

"Daban ne, Baba. A takarda lambarsu daban."

"Ƙafata ba ta karanta takarda. Ɗauke."

Mai sheƙi ya burge shi, ya ce kamar taka ruwa. Auta ta ɗauke shi ta ce shi ne mai kayarwa in ya jiƙe. Saura biyu, mai kaushi da mai layi.

"Alama biyu ba za ta ishe mu wuri bakwai ba," ta ce.

Baba ya sa yatsan ƙafa ya juya mai layin, ya shafa, ya sake juya shi.

"Uku ne. In layin ya bi hanyata, ci gaba. In ya gicciye ni, ƙofa. Mai kaushi, juya ko ka yi hankali. Da me aka koya miki karatun ne?"

Ta rubuta a kan zanen.

Alhamis Guduma ya zo da injin yanka mai haƙorin lu'ulu'u, don ƙaramin haƙori ba ya cin tangaran. Aka kai Baba baranda aka rufe ƙofa saboda ƙura. Guduma ya bi layin tayil na farko da injin, ya fasa tsakiyarsa, ya sa ƙarfen sara, cizal. Tayil ɗin ya ƙi tashi. Sai ɓarɓashi-ɓarɓashi yake fita, kowane gutsure da gam ɗinsa a manne. Kusan awa guda ya ci a kan guda ɗaya.

"Da ma na yi ha'inci," ya ce, yana share gumi da gefen riga. "Da yanzu na gama na tafi."

"Wa ya sa wannan aikin ne, Guduma?" Baba ya ɗaga murya daga baranda. "Ka nemo shi ya zo ya cire."

A na biyar cizal ya goce ya ci bakin tayil na kusa. Guduma ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya cire shi ma ya sa sabo, ba wanda ya ce ya yi. Kowane da ya ajiye sai ya buga da gudumar roba, ya ɗora ma'auni, ya shafa bakin da yatsa don kada ya fi maƙwabcinsa tudu ko da kaurin takarda. La'asar ya gama. Ya ce kada ƙafa ta hau sai gobe war haka.

Yammacin Juma'a kaɗai ya rage musu na gwaji. Bai tafi yadda Auta ta zana ba. Tsoffin alamun suna inda tsautsayi ya ajiye su, sababbin kuwa dole su bi layin sabon tayil. Na juyawa kicin ya matso da rabin taki, na gaban tebur ya yi nisa kaɗan. Sau biyu Baba ya juya da wuri ya taɓa bango. Sau ɗaya ya bugi tebur da cinya.

"An gyara agogon," ya ce, "amma yana gaba da minti biyu. Sake kai ni ƙofa."

Suka sake. Suka sake. A karo na goma sha ɗaya ya ce ta zauna ta yi shiru, numfashinta yana ruɗa shi.

Asabar da hantsi Yaya ya shigo da babbar jaka babu komai a ciki. Ya gaida Baba, ya duba goshin, ya kalli daɓen.

"An ce an yi gyara. Me aka canza?"

"Zauna tukuna," in ji Baba daga ƙofar ɗakinsa. "Za ka sha shayi?"

Yaya ya yunƙura zai tashi. Auta ta riƙe masa hannun riga.

Baba ya taka mai layin gicciye, ya fito. Ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ƙafarsa ta yi jinkiri, ta shafa, ta sami mai kaushi, ya juya dama. Ya ɓace a kicin. Suka ji ƙarar famfo, suka ji buta ta hau murhu, suka ji cokali a cikin kofi. Yaya yana zaune a bakin kujera kamar mai jiran a kira sunansa.

Baba ya fito da kofi a kan faranti. Tafiyar ba ta kai ta da sauri ba. A gaban tebur ya yi taki ɗaya da ya wuce, cinyarsa ta gogi kusurwa, kofin ya girgiza. Ya tsaya, ya gyara, ya ajiye shi a gaban Yaya.

Yaya ya kalli ƙasa.

"Ya zube, Baba."

"Da ma yana zubewa. Tsohon daɓen ne yake shanyewa ba ku gani."

Auta ta ɗauko tsumma ta goge, sau ɗaya. Yaya ya kurɓi shayin. Ya ajiye, ya cire takalmi da safa, ya je ya tsaya a kan mai kaushin, ya matsa zuwa na kusa da shi, ya dawo. Ya rufe ido ya yi taki biyu, ya buɗe da sauri.

"Wata ɗaya," ya ce. "In na sake ganin ɗinki a goshin nan, ba shawara zan zo yi ba. Jakar kuma a nan zan bar ta."

"Sa ta a sito," in ji Baba, yana laluben kujerarsa. "Ka bi ta ƙofar baya. In ka taka mai kuka, juya hagu."